Hutun Iyali a Tafkunan Alps: Motar Haya Ba Dole Ba Ce

Duk shekara idan dogon hutun makarantu ya gabato, magana ɗaya ce ke yawo a zaurukan WhatsApp na iyalan da Allah ya hore wa halin kai yara Turai: wai duk wanda zai je garuruwan bakin tafki na Suwizalan da iyali, in bai ɗauki motar haya ba, wahala zai sha. Wani ma ya ƙara da cewa jirgin ƙasa na mai jaka ɗaya ne, ba na mai mata da yara huɗu ba. Maganar nan ba ta da tushe, kuma ta ci kuɗin magidanta da yawa. Masu yaɗa ta galibi ba su taɓa taka Luzern ko Interlaken ba, wasunsu kuwa da mota suka je, suka sha wuya, suka dawo suna zaton haka wurin yake.

Dalilin da ya sa take karɓuwa a fili yake. Wanda ya tashi a inda mota ba ta barin tasha sai ta cika, da wuya ya yarda ya ɗora hutun iyalinsa a kan jadawali.

To amma jadawalin Suwizalan abin dogaro ne. Tun 1982 ƙasar ta tsara jiragenta su riƙa tashi a minti ɗaya na kowace awa, a manyan hanyoyi ma duk rabin awa, aka kuma ɗaure lokutan bas da na jiragen ruwa da na jirgin ƙasa. Iyalin da suka sauka a filin jirgin saman Zurich ba sai sun fita waje ba, tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin ginin, kuma cikin awa ɗaya da 'yan mintuna suna Luzern. Suna fitowa daga tasha, ga tafki a gabansu, ga jiragen ruwa a jere a tsallaken titi. Interlaken tana tsakanin tafkuna biyu, tana da tashoshi biyu: jirgin ruwan tafkin Thun yana tsayawa a gefen Interlaken West, na tafkin Brienz a gefen Interlaken Ost. Ƙauyukan da dogo bai kai ba kuwa, motocin PostAuto masu ruwan ɗorawa ne ke jiran fasinja a ƙofar tasha. Duk wannan yana cikin manhaja ɗaya, SBB Mobile, wadda ke nuna har lambar dandamalin da za a tsaya.

A duba ɓangaren mota. Iyali mai mutum shida da akwatunansu ba za su shiga ƙaramar mota ba, sai babba mai kujera bakwai ko tara, wadda ta fi tsada kuma ta fi wuyar samu a lokacin hutu. Dokar Suwizalan ta wajabta kujera ta musamman ga yaron da bai kai shekara 12 ba kuma tsawonsa bai kai santimita 150 ba, kowace kujera da kuɗin hayarta. Wurin ajiye mota a tsakiyar gari da awa ake biyansa. Bayan duk wannan, wuraren da aka sha hanya don a gani ba sa karɓar motar baƙo. Wengen da Mürren ba a shiga da mota. Mai zuwa Zermatt dole ya ajiye tasa a Täsch ya hau jirgi. Idan kuma aka tsallaka Italiya, a tsofaffin unguwannin garuruwanta akwai yankunan da aka rubuta wa ZTL, kyamara na ɗaukar lambar duk motar da ta shiga ba izini, takardar tara kuma ta biyo mutum gida bayan watanni. Maigida ya yini yana zare ido a kan siririn titi mai kwana-kwana a gefen dutse, bai ga tafki ba, bai ga tsauni ba, da yamma ya dawo masauki a gajiye yana faɗa da kowa.

Mota tana da ranarta, musamman ga iyalin da ke tafe da tsoho mai fama da ƙafa, ko waɗanda suka kama gida a wata gona da ke nesa da tasha. Waɗannan ba su ne mafi yawa ba.

Inda ya kamata magidanci ya zauna da biro da takarda shi ne batun tikiti. Akwai Swiss Travel Pass, na kwana 3, 4, 6, 8 ko 15, wanda ya haɗa jiragen ƙasa, bas, jiragen ruwa, zirga-zirgar cikin birane da shiga gidajen tarihi sama da 500. Akwai kuma Swiss Half Fare Card, mai aiki wata guda, wanda ke raba kuɗin kowane tikiti biyu. Iyalin da za su yi yawo kullum, na farko ya fi musu sauƙin kai. Waɗanda za su zauna wuri ɗaya su riƙa fita jefi-jefi, sau da yawa na biyu ya fi araha. Kuma kada wanda ya ɗauka na farkon ya biya masa komai. Hawan tsaunin Rigi yana ciki, amma zuwa Jungfraujoch, tashar da ke kan tsawon mita 3,454, ragi kawai ake samu, sauran kuɗin kuma mai tsoka ne.

Ga gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci ga iyalan Hausawa. Yaron da bai kai shekara 6 ba kyauta yake tafiya. Daga 6 zuwa ƙasa da 16 ma kyauta ne da katin Swiss Family Card, wanda ake bayarwa ba da ko sisi ba lokacin sayen tikitin manya. Sai dai sharaɗinsa shi ne yaron ya kasance tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Tafiyar Bahaushe kuwa da wuya a rasa ɗan ƙanwa, ko 'yar riƙo, ko jikan da Hajiya ta ce ba za ta tafi ta bari ba. A gida duk 'ya'ya ne, ba wanda zai bambanta su. A wurin mai duba tikiti ba haka abin yake ba, kuma yana da damar neman fasfo. Irin wannan yaro sai a saya masa nasa tikitin na rabin kuɗi, ko a je kanta a tasha a bayyana dangantakar yadda take, ma'aikaci ya faɗi katin da ya dace. Haka 'yar da ta cika 16 ana saura mako a tashi, ta fita daga tsarin kyauta, sai tikitin matasa 'yan ƙasa da shekara 25, mai ragin kashi 30 cikin ɗari. Sannan idan uwa ta zauna a masauki, uba ya tafi wani gari, aka bar yara su fita da kawunsu, katin bai yi aiki ba ranar. A daidaita wannan tun kafin a hau. Tashoshin Suwizalan ba su da shingen da ke tare marar tikiti, shi ya sa baƙo ke zaton zai iya biya a ciki. Ba a yin haka. Tikitin waya ma dole a saye shi kafin jirgi ya motsa, wanda ya makara tara ce ta hau kansa, kuma "ban sani ba" ba ta fid da kowa. A lura da lambar 1 ko 2 a jikin tarago, a kuma sani cewa a yawancin jiragen ruwa benen sama na masu tikitin aji ɗaya ne.

Ainihin abin da ke ɓata irin wannan hutu shi ne haɗama. Wasu ejan-ejan na tafiye-tafiye suna miƙa wa mutum takarda mai ɗauke da Zurich, Luzern, Interlaken, Como da Hallstatt cikin kwana bakwai, don kawai ta yi kyan gani. Wanda ya rubuta ta bai taɓa jan akwati da yaro mai barci a kafaɗa ba. Daga Interlaken zuwa Hallstatt ta Ostiriya yini ne cur, da sauyin jirgi bayan sauyi. Garin kansa mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba, baƙi sun yi masa yawa har mutanen garin suka fito zanga-zanga a 2023, kuma tasharsa tana tsallaken tafki, sai an gangara an hau ƙaramin jirgin ruwa.

Mai kwana takwas masauki biyu sun ishe shi. Kwana huɗu a Luzern, huɗu a yankin Interlaken, inda Spiez da Brienz da Thun suka fi tsakiyar garin natsuwa. A Luzern, rana ɗaya a hau jirgin ruwa da hantsi, kusan awa guda zuwa Vitznau. Idan an dace da ɗaya daga cikin tsofaffin jirage masu tururi, irin Uri da aka ƙera a 1901, a kai yara tsakiyar jirgin, inda aka bar injin a buɗe, su leƙa su ga manyan ƙarafa na juyawa suna ƙyallin mai. A Vitznau jan jirgin hawan dutse yana jira taku kaɗan daga bakin ruwa. Layinsa ne na farko irinsa a Turai, tun 1871 yake aiki. Ya kai mutum ƙolin Rigi, a sauko ta ɗaya gefen zuwa Arth-Goldau, a kama jirgin Luzern kafin la'asar. Ranar ƙaura kuma ita kanta yawon buɗe ido ce, domin jirgin Luzern zuwa Interlaken yana ratsa mashigar Brünig cikin ƙasa da awa biyu, yana bin gefen tafkuna ɗaya bayan ɗaya.

A Interlaken Ost akwai tarkon da ke kama baƙi kullum. Jirgin da ke shiga kwarin tsaunuka yana rabuwa biyu a Zweilütschinen, rabi ya nufi Lauterbrunnen, rabi Grindelwald. A karanta rubutun jikin tarago, kuma kada a bar samari su zauna a wani taragon daban.

Mai sha'awar tafkin Como na Italiya ya san cewa tikitin Suwizalan yana ƙarewa a Chiasso, bakin iyaka. Daga tashar Milano Centrale zuwa Varenna da ke bakin tafkin kusan awa ɗaya ne, daga nan jirgin ruwa ke tsallakar da mutane Bellagio, wadda ba ta da tashar jirgin ƙasa. Tikitin takarda na ƙananan jiragen Italiya sai an buga masa hatimi a na'urar tasha kafin a hau. Yajin aiki kuma ba baƙon abu ba ne a can, amma ana sanar da shi tun da wuri, don haka kada a sa doguwar tafiya a ranar komawa filin jirgi.

Sai kaya, inda nan ma akwai gyara. Kamfanin jirgin sama ya ba kowa akwati biyu, sai a cika su tim kamar za a kai amarya. Sauyin jirgi a Suwizalan sau da yawa minti biyar ne zuwa bakwai, ta matakala ko gangara. Mutum biyu manya ba za su iya da akwati takwas da keken jariri a wannan lokaci ba. Kowane babba akwati ɗaya da zai iya ɗagawa shi kaɗai, kowane yaro jakar goyo. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, domin Suwizalan da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje, kuma ana ƙwacewa. Ya fi kyau a kama gida mai kicin kusa da tasha, a yi cefane a Migros ko Coop. Ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke in ban da na manyan tashoshi. Interlaken tana da gidajen abincin halal da dama saboda baƙi daga ƙasashen Larabawa, amma a ƙananan ƙauyuka sai kifi, cuku da dankali.

Batun biza ba ya buƙatar dogon bayani. Suwizalan tana cikin yankin Schengen tun 2008, duk da cewa kuɗinta faran ne ba yuro ba. Ana nema ne a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa, ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Yaron da ba tare da iyayensa zai yi tafiya ba, a tanadi takardar amincewarsu. Ejan da ya ce zai haɗa wa mutum takardun otal na bogi a wata ƙasa don a samu biza da sauri, a guje shi, domin sunan maigida ne zai ɓaci, ba nasa ba.

A watan Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, wannan kuma yana ruɗar baƙi. Haske na nan, amma jirgin ruwan ƙarshe da jirgin saukowa daga tsauni sun riga sun tashi tun da yamma. A duba lokacin dawowa kafin a fita, musamman daga Oktoba zuwa Afrilu, lokacin da jiragen ruwa ke raguwa sosai. Ruwan tafkin Brienz daga ƙanƙarar tsauni yake zubowa, yana da sanyi ko a tsakiyar watannin zafi, kuma gaɓarsa na zurfafa nan da nan, don haka yaro ya yi wanka ne kawai a wurin da aka keɓe. Matan da ke sa niƙabi su san cewa Ostiriya ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2017, Suwizalan ma ta fara aiki da irin dokar a faɗin ƙasa daga Janairun 2025, tare da tara. Hijabi da mayafin da ya bar fuska a buɗe dokar ba ta shafe su ba. Maigida da uwargida su tattauna wannan a gida tun kafin a biya kuɗin jirgi.