Iyakar Ikon Ɗan Sanda Wajen Ba Da Beli

Jama'a, a ofisoshin 'yan sanda da yawa za ku ga an rubuta a bango cewa beli kyauta ne. Gaskiya ne, amma akwai sauran magana. Ba duk wanda aka kama ne ɗan sanda ke da ikon sakinsa ba, ko da kuwa DPO ɗin ƙanin babanka ne. Rashin sanin haka shi ke sa magidanci ya sayar da akuya, ya jinginar da gona, ya kai kuɗi inda kuɗi ba su da aiki.

Mu fara daga tushe. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya, in akwai kotu a tsakanin kilomita 40. In babu, kwana biyu. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda jihohi irin su Kaduna a 2017 da Kano a 2019 suka yi tasu a kan salonta, ta ɗora a sashe na 30 cewa in ba zai yiwu a kai mutum kotu cikin awa 24 ba, shugaban caji ofis ya bincika maganar, ya sake shi a hannun mai tsaya masa. Wannan shi ne belin 'yan sanda. Ba wanke mutum aka yi ba, aronsa aka ba danginsa. Ranar da aka ce ya dawo, tilas ya dawo, in kuwa ya gudu, wuyan mai tsayawar aka riƙe.

To, ga inda ikon ya tsaya. Duk laifin da hukuncinsa kisa ne, kamar kisan kai da gangan, da fashi da makami, da cin amanar ƙasa, ɗan sanda ba shi da ta cewa. Kai, ko majistare ma ba shi da ita. Sashe na 161 na dokar ta 2015 ya bar wannan a hannun alƙalin Babbar Kotu kaɗai, shi ma sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kamar rashin lafiyar da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar, wadda kuma ba za a iya magancewa a tsare ba, ko jan ƙafa wajen bincike da gurfanarwa har ya haura shekara guda. A ganina hikimar a fili take. Wanda ya san rataya ke jiransa, ba takardar da zai sa wa hannu ta riƙe shi. Ga kuma shaidu da za su kwana cikin fargaba, ga dangin mamaci da in suka ga wanda suke zargi yana shan shayi a bakin titi kwana biyu da jana'iza, sai su ɗauki doka a hannunsu. Saboda haka duk wanda ya ja ka gefe ya ce ka kawo wani abu zai fitar maka da ɗanka daga irin wannan tuhuma, ka sani yana sayar maka da abin da ba nasa ba ne.

Haka nan, da zarar alƙali ya ba da umarnin a ajiye mutum a gidan yari, hannun ɗan sanda ya fita. Umarnin farko ba ya wuce kwana 14, kuma kotu ce ke sabunta shi ko ta ɗage shi.

Kada mai karatu ya zaci doka ta ɗaure hannun ɗan sanda wajen saki ne kawai. Ta ɗaure shi wajen riƙewa ma. Ba a kama uba a madadin ɗa, ba a kama mutum don bashi kurum. A ranar aiki ta ƙarshe a kowane wata, shugaban caji ofis zai kai wa majistare rahoton duk waɗanda aka kama ba da takardar kotu ba, har da waɗanda aka ba beli, majistare kuma ya zagaya ofisoshin aƙalla sau ɗaya a wata.

In ɗanka ya wuce awa 24 a tsare kan ƙaramin laifi, aka hana beli, aka ƙi kai shi kotu, sashe na 32 na dokar ta 2015 ya ba da damar a sanar da kotu a madadinsa, ta sa a kawo shi gabanta. In kuma babu namiji a gida, uwarsa ko matarsa ta je ta tsaya masa, sashe na 167 ya hana a kore ta don tana mace.