Ruwan Guguwa Ya Fi Iskarta Kisa

Hadarin da kake gani yana tasowa daga gabas a tsakiyar damina ba duka ne ke ƙarewa a ƙasarmu ba. Wani yakan zarce yamma, ya wuce Senegal, ya faɗa Tekun Atlantika. In ya tarar da ruwan teku da ɗumi, wajen digiri 27, sai ya riƙa zuƙar tururi yana juyawa, har ya rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwa. Mutanen tsibiran Karebiyan da ita suke fama kowace shekara, daga Yuni zuwa Nuwamba.

Da an ce guguwa, hankali yakan tafi ga iska. Gaskiya ne tana yaye rufin kwano, tana tumɓuke kwakwa. To amma galibin waɗanda ke rasa rayukansu, ruwa ne ke cinye su.

Ga yadda abin yake. In ka hura kunu a kwano, za ka ga ya taru a gefen da ke nesa da bakinka. Haka iskar guguwa ke kora ruwan teku a gabanta, ta tara shi a gaɓa, teku ta yi tumbatsa ta hau doron ƙasa. In aka yi rashin sa'a ta iso daidai lokacin cikar teku, abin ya ƙara muni. A bisa wannan ruwa kuma raƙuman ruwa ke hawa suna dukan bango. Kada ka raina su: ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, nauyinsa tan guda ne.

Ranar 1 ga Satumba 2019 guguwar Dorian ta afka wa tsibirin Abaco a ƙasar Bahamas, da iska mai gudun kilomita 295 a awa. Daga nan ta je ta tsaya cik a kan Grand Bahama fiye da kwana guda. Tsibiri ne shimfiɗaɗɗe, ba dutsen da za a gudu a hau. Ruwa ya shafe filin jirgin saman Freeport, jama'a suka maƙale a cikin rufin gidajensu.

Labarin Tacloban na ƙasar Filifin ya fi ban tausayi. Birnin yana ƙuryar wani lungun teku marar zurfi, irin wurin da ruwa ke matsewa ya yi sama. Da guguwar Haiyan ta zo ranar 8 ga Nuwamba 2013, mutane da yawa sun bi umarni, sun bar gidajen katako sun fake a makarantu na siminti. Sai dai wasu makarantun a bakin teku suke. Ginin ya tare musu iska, ruwa ya same su a ciki. Fiye da mutum 6,000 suka rasu a ƙasar. A ganina, wanda ya zaɓi mafakar ya fi wanda ya shige ta alhaki.

Tsibiri mai duwatsu ma bai tsira ba. A 2004 guguwar Jeanne ta ratsa kusa da Haiti ba da wata iska ta a zo a gani ba, amma ruwan sama ya gangaro daga tsaunukan da aka sare itatuwansu don gawayi, laka ta binne birnin Gonaïves, wajen mutum 3,000 suka salwanta.

Allah bai bar gaɓa tsirara ba. Duwatsun murjani na karya ƙarfin raƙuman ruwa tun daga nesa, itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri kuma suna rage musu gudu. Mai sare su don gina otal, ko mai kwasar yashin gaɓa, katangar garinsa yake rushewa.

Saboda haka mazaunin gaɓa ya san tudun da zai nufa tun rani, ya tanadi rediyo mai batir da ruwan sha, ya tashi da iyalinsa tun hanya na biyuwa. In iska ta ɗauke farat ɗaya, sama ta washe, kada ya fito duba kwalekwalensa. Tsakiyar guguwar ce ke wucewa, kuma sauran rabin yana tafe ta ɗaya gefen.