Mai Juna Biyu, Wane Asibiti Za Ki Je?

Da yawa daga cikin matan da ake kawowa asibitin koyarwa daga Anka, Gummi da Bukkuyum sukan iso a galabaice, domin an ɓata lokaci ana shawarar inda za a nufa. Saboda haka yana da kyau ke da maigida ku san yadda aka tsara asibitoci a yankinku. Hawa uku ne.

Hawa na farko: asibitin mazaɓa

Wannan shi ne ƙaramin asibitin da ya fi kusa da ke, yana ƙarƙashin sashen lafiya na ƙaramar hukuma da Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Zamfara. Nan za ki fara awo da zarar kin tabbatar da ciki, kada kunya ta sa ki jira sai ya fito. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a je awo sau 8. Za a auna jininki, a gwada fitsari, a yi miki allurar rigakafin sandarewar wuya, a ba ki ƙwayar ƙarin jini. Daga wata na huɗu za a fara ba ki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, sau 3 ko fiye kafin haihuwa.

Hawa na biyu: babban asibiti

Akwai shi a Anka, Gummi da Bukkuyum, kuma gwamnatin jiha ce ke kula da shi. Nan ake tura matsalar da ke bukatar likita, ƙarin jini ko tiyata. Ku wuce can kai tsaye, ko da tsakar dare ne, idan aka ga:

1. Zubar jini, kafin haihuwa ko bayanta.
2. Jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi.
3. Kumburin fuska da hannuwa.
4. Naƙudar da ta wuce awa 12.
5. Uwar tafiya ta ƙi faɗowa bayan rabin awa.
6. Ɗa ya daina motsi.

Zubar jini bayan haihuwa na iya halaka mace cikin awa biyu, doguwar naƙuda kuwa ita ke jawo yoyon fitsari.

Hawa na uku: asibitin ƙwararru

Abin da ya gagari babban asibiti akan tura shi Gusau, kamar Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kada ku taso ba tare da takardar turawa ba, domin ita ke gaya wa likita abin da aka riga aka yi.

Gargaɗi game da gubar dalma

A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma, sakamakon dakan dutsen zinare a cikin gidaje. Dalma na ratsawa daga jinin uwa zuwa ɗan da ke ciki, tana jawo ɓari da cutar da ƙwaƙwalwar jariri. Idan maigida na aikin ma'adinai, ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shigo gida. Ke kuma ki gaya wa malamar awo.

Zuwa ga maigida da uwar miji

Tun ciki na wata bakwai ku tanadi kuɗin mota, ku yi magana da direba, ku sami 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. Maigida, ka bar izini tun yanzu, ko ba ka nan a kai ta. Idan hanyarku ba ta biyuwa da dare ko da damina, ta koma wajen dangi kusa da babban asibiti kafin watan haihuwa. Mai tafiya goyon ciki gidan iyaye ta riƙe katin awonta. Idan kuma asibitinku ba ma'aikaci ko magani, ku kai kuka ga kwamitin ci gaban mazaɓa da mai unguwa.

Allah ya sauke ki lafiya, amin.