Kwantena a zafin Sakkwato: ɗaki ko tanda?

A Runjin Sambo nake zaune, kuma kullum in zan tafi makaranta sai na wuce kwantenonin da aka mayar shaguna. Tsadar haya ce ta sa na fara tunani: me zai hana a mayar da su ɗakunan kwana? A Amsterdam ta ƙasar Holan an yi haka a Keetwonen, ɗakunan ɗalibai kusan 1,000.

To, mu auna. Kwantena mai ƙafa 20 tsawonta mita 6 ne, faɗinta kusan 2.4. Ɗaki ɗaya ke nan. Nauyinta a kan kusurwoyi huɗu yake, don haka dakalin kankare huɗu sun isa su ɗauke ta. Amma duk inda ka yanka taga ko ƙofa ka raunana bangon, sai mai walda ya zagaye wurin da ƙarfe.

Mu dai matsalarmu zafi ce. A watan Afrilu yana wuce digiri 40, ƙarfe kuwa nan take yake shigo da shi. Na taɓa shiga wata da azahar sayen kati, wallahi ko minti biyar ban iya ba. Maganinsa rumfa a sama mai tazara don iska ta ratsa, farin fenti, tagogi masu kallon juna, sannan a lulluɓe ciki da abin tare zafi. Katakon ƙasan ma galibi an sa masa maganin ƙwari, a rufe shi ko a canja.

Kafin ka ce araha, haɗa kuɗin ɗauko ta, da walda, da rumfa, ka gwada da ɗakin bulo. Ni da na yi nawa lissafin, kuɗin tare zafin ne ya fi ba ni tsoro.