Kafin a Zuba Sulallan Mamaci a Injin Canji



Sana'ata duba tsoffin sulalla da azurfa in faɗi kimarsu, a wani shago da ke sayen irin waɗannan kaya. Akwai abin da nake gani yana yawan faruwa a cikin jama'armu mazauna Parkchester da sauran unguwannin Bronx. Dattijo zai rasu bayan shekara da shekaru yana tuƙin tasi ko tsaron shago, a je kwashe kayan ɗakinsa, a tarar da gwangwanaye da kwalabe maƙare da canji. Ana cikin zaman makoki, sai a ba wani yaro ya kai su injin ƙirga sulalla na babban kanti. Injin abin da ke rubuce a jikin kuɗi kawai ya sani, ya cire kamashonsa, shi ke nan. Alhali canjin nan dukiyar gado ce. Akwai haƙƙin mata da 'ya'ya a ciki, wani lokaci har da marayu a Kumasi, Yamai ko Kano, kuma ba a raba abin da ba a san kimarsa ba.

Mafi yawan abin da ke cikin gwangwanin bai wuce kuɗin da aka rubuta a jikinsa ba, don haka kada bidiyoyin intanet su sa ku ɗora rai a kan miliyoyi. Amma a cikin tarin wanda ya daɗe yana karɓar canji, akan samu waɗanda suka cancanci a ware su.

Ku fara da shekara. Duk sulen Amurka mai senti 10, 25 ko 50 da aka buga a 1964 ko kafin nan, kashi 90 cikin ɗari nasa azurfa ne. Mai senti 50 na Kennedy daga 1965 zuwa 1970 yana da kashi 40. Ku dubi gefensa: na yanzu yana da jan layi na tagulla, na azurfa fari ne fat. A sikeli, kwata (mai senti 25) ta azurfa giram 6.25 ce, ta yanzu 5.67. Kwata huɗu na azurfa suna ɗauke da wajen giram 22 na tsantsar azurfa, sai ku lissafa da farashin ranar. Mai senti 5 na lokacin yaƙi, 1942 zuwa 1945, wanda ke da babban harafi a saman ginin da ke bayansa, shi ma yana da kashi 35.

Sai ƙaramin harafin da ke nuna inda aka buga: D na Denver, S na San Francisco, W na West Point. Kwata mai W ta 2019 da 2020, miliyan 2 kacal aka buga na kowane zane aka saka cikin canjin kasuwa, kuma masu tara tsoffin kuɗi suna nemanta. A cikin masu senti 1, ku ware masu zangarniyar alkama a baya, na 1909 zuwa 1958. Yawancinsu 'yan senti ne, sai dai na 1909 mai S da haruffan VDB, da na 1955 wanda rubutunsa ya fito biyu-biyu, suna da tsada sosai. Na 1943 da ƙarfe aka yi shi, ba shi da wuyar samu. Wanda ake yayata labarinsa shi ne na tagulla na wannan shekarar, kuma jabunsa ya fi na gaske yawa nesa ba kusa ba. Ku kara masa maganaɗisu: in ya manne, ƙarfe ne aka shafa wa tagulla.

Iyayenmu kan zo da kuɗin gida ma. Kwabo da anini masu huji da tauraro na zamanin Turawa suna da yawa a duniya, har da na Sarki Edward na Takwas na 1936, don haka darajarsu ta tarihi ta fi ta kasuwa. Sule da fataka na 1913 zuwa 1919 kuwa azurfa ne. Liyari mai hoton Maria Theresa, wanda kakanninmu mata ke ado da shi, duk 1780 za ku gani a jikinsa, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har bayan fiye da ƙarni biyu. Nauyinsa wajen giram 28 ne, kuma galibi farashin azurfarsa ake biya.

Babban roƙona: kada ku wanke, kada ku goge. Wata hajiya ta taɓa kawo mini tsoffin sulallan mahaifinta bayan ta dirje su da soson ƙarfe da lemun tsami don su yi kyan gani. Dirzar ta kankare fuskarsu, dole sai nauyin azurfa aka saya. Duhun da shekaru suka ɗora wa sule shi mai saye ke so ya gani. Ku riƙe shi ta gefe, ku sa kowanne a ambulan ɗinsa.

Kafin sayarwa, ku nemi littafin farashi da ake kira Red Book ta laburaren Parkchester da ke Westchester Avenue. Ku ji tayin dillalai biyu ko uku, kada ku bar kaya a hannun kowa ba rasit. Kamfanonin PCGS da NGC suna tantance sule su ba shi maki daga 1 zuwa 70, amma aikin da kuɗi ne, sai wanda ake kyautata zaton mai tsada ne za a tura. In azurfa za a sayar, a karɓi kuɗi hannu da hannu kamar yadda shari'a ta tanada.

A yi duk wannan a gaban magada biyu ko wakilansu, a rubuta abin da aka samu, a kai wa malamin da zai raba gado tare da sauran dukiya. Wanda yake son riƙe sulen mahaifinsa don tunawa, a yi masa kima a cire daga kasonsa. Ko dala 20 ce, ta maraya ce.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani.