DARASI: NA ROƘI ALLAH, AMMA YARON YA RASU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa Musulmi, akwai tambayar da mutane ke ɓoyewa a zuci don tsoron kada a ce sun yi saɓo. Ita ce: in dai Allah Mai rahama ne, don me na tashi cikin dare na roƙe Shi, amma yaron ya rasu? To, gara a fito da ita gaban ilimi da a bar Shaiɗan ya yi ta juya ta cikin zuciya.

Mu mutanen ƙasar Anka ba labari aka ba mu ba. A shekarar 2010 yara suka dinga mutuwa a Dareta da Abare da Sunke da Bagega, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Yaro ya kama amai, ya kama jijjiga, kafin a ankara an kai shi makwanci. Aka yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Yara kimanin 400 suka tafi. Shin iyayensu ba su yi addu'a ba ne? Wallahi sun yi, har da kuka.

Ka sani, rashin ganin abin da ka roƙa ba alamar Allah Ya ƙi ka ba ce. Wa ya kai Manzon Allah (S.A.W.) daraja wurin Ubangiji? Amma 'ya'yansa bakwai, shida sun riga shi rasuwa, Nana Faɗima kaɗai ta rage. Ɗansa Ibrahim ya cika yana jinjiri a shekara ta 10 bayan Hijira, idanun Manzo suna zubar da hawaye. Annabi Nuhu ya yi magana da Ubangijinsa a kan ɗansa, ɗan bai tsira ba. In da mutuwar ɗa hukuncin laifin uba ce, me za ka ce game da waɗannan? Saboda haka mai zuwa gidan makoki yana cewa zunubinku ne ya jawo, ya ji tsoron Allah, ya kama bakinsa.

Ya inganta a hadisi cewa addu'ar Musulmi, matuƙar babu saɓo ko yanke zumunta a cikinta, ba ta faɗuwa ƙasa banza: ko a ba shi nan duniya, ko a ajiye masa sai Lahira, ko a tunkuɗe masa wani sharri gwargwadonta. Wanne aka zaɓa maka, kuma don me? Wannan ba a sanar da kai ba, ba a sanar da malaminka ba. Duk wanda ya ce ka kawo baƙin bunsuru zai duba maka dalili, ɓarawo ne, ko da rawani a kansa.

Amma fa kada mu tsaya nan, don akwai inda ake yi wa ƙaddara ƙarya. Da likitocin ƙungiyar MSF suka shigo, aka auna jinin yara da ƙasar gidaje, sai aka tarar gubar dalma ce. Duwatsun zinariya ake ɗaukowa daga rami a kawo cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Ba aljani, ba maye. Iyayen ba su sani ba, talauci ne ya tura su, kuma Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba. Amma yanzu an sani. Da aka kankare gurɓatacciyar ƙasa aka zuba sabuwa, aka ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini, mutuwar ta ragu ƙwarai. Ka tabbata wannan ba ya cikin amsar addu'ar uwayen nan?

Bagega kuwa sai 2013 aka share ta, saboda jinkirin sakin kuɗi daga gwamnati. Yaran da suka sha guba cikin shekarun jiran nan, akwai waɗanda za a tambaya game da su ranar tsayuwa, kuma cewa haka Allah Ya so ba za ta fisshe su ba.

Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya ji annoba ta ɓarke can, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Abu Ubaida ya zauna da rundunarsa, ya rasu a annobar Amwas shekara ta 18. Dukansu biyu an yi musu bushara da Aljanna, ba wanda ya tuhumi Ubangijinsa.

To kai mai zuwa rami, ɗan'uwa, kada ka kawo dutse gida. Ka wanke jikinka, ka sake tufafi tun can kafin ka ɗauki ɗanka. Matar da ta binne nata a 2010 kuwa, in ta yi kuka kada ka ce mata ba ta da tawakkali. Manzon Allah ma ya yi hawaye a kan Ibrahim.