Kafin Ka Ɗaure Madabod, Ɗana

Ɗana, mahaifiyarka ta ce kayan kwamfutar da ka daɗe kana tara wa kuɗi sun iso, har da kwalin madabod ka kwana a gefen katifa. Allah ya sa albarka. Amma kafin ka ɗauki sukundireba, zauna ka ji ta bakin wanda ya taɓa ƙona allon madabod da hannunsa.

Ka ga muna tsakiyar hunturu. Ka san ƙas-ƙas ɗin nan da kake ji idan ka tuɓe rigar sanyi da dare, wani lokaci har da tartsatsi? Wuta ce da ke taruwa a jiki idan iska ta bushe. Mutum ba ya jin cizonta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali wasu ƙananan kayan da ke kan allon ƙasa da 100 ma ya isa ya lalata su. Babu hayaƙi, babu ƙauri, sai dai bayan kwana biyu na'ura ta fara maka taurin kai. Don haka tuɓe rigar ulu, bar kan kafet, hau teburin katako, ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin ka taɓa allon. Ka riƙe shi ta gefe-gefe, yadda ake riƙe tsohon hoto.

Furosesa da ram, ɗora su tun allon yana waje, kwance a kan kwalinsa. Akwai ɗan alamar kusurwa uku a jikin furosesa, akwai irinsa a mazauninsa. Haɗa su, zai zauna da kansa. In ka ji kana dannawa, to ka yi kuskure. Man da ake ɗigawa a kansa kada ya wuce ƙwayar wake, kuma ka ɓare ledar da ke manne a gindin fanka. Gwanaye ma suna mantawa da ita.

Yanzu ga abin da ya sa na kira ka. A cikin akwatin za ka ga wasu 'yan ƙafafu na tagulla, su ke ɗage allo kada bayansa ya taɓa ƙarfe. Akwati ɗaya ana huda shi don allo iri-iri: babban ATX mai milimita 305 da 244, wanda yawanci raminsa tara ne, da microATX, da ƙaramin mini-ITX mai rami huɗu. Ina sabon shiga, wani mai shagon buga takardu ya kawo mini aiki. Na cire tsohon allo na sa sabo, ban lura akwai ƙafa guda da ta rage a inda sabon ba shi da rami ba. Ina kunnawa ta haɗa wuta ta ƙasa. Ƙaurin nan har yau yana hancina, kuma wata biyu na yi ina biyan bashi. Ƙirga ramukan allonka, ƙirga ƙafafun, lissafi ya zo daidai. Sannan ka ɗora allon ka leƙa kowane rami, sai ka hango tagulla. Wadda ba ta da rami a samanta, kwance ta.

Faifan ƙarfen nan na baya, inda ramukan USB ke leƙowa, shi ake fara maƙalawa idan bai zo manne da allon ba. Bakinsa na yanka, kuma 'yan harsunansa kan kutsa cikin rami, ka duba. Wajen ɗauri, fara saka kowane sukuru sako-sako, sai duk sun shiga ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya kama, tsaya. Ba tayar mota kake ɗaurewa ba.

Wayoyin wuta kuwa, ku 'yan yanzu kun ji daɗi. A zamanin allon AT filogi biyu ne masu kama da juna, muna haddace cewa baƙar waya kusa da baƙa, in ka juya su ka yi asara. Tun da Intel ta fito da tsarin ATX a 1995 filogi ba ya shiga a juye. Sa babban mai baki 24, kada ka manta da mai baki 8 na furosesa can sama a lungu. Siraran wayoyin maɓallin kunnawa, buɗe littafin da ya zo a kwali. Ni da furfurata har gobe ina buɗewa.

In ka gama, ɗaga akwatin ka ɗan girgiza, ko wani sukuru ya faɗa ciki. Kada ka jona kai tsaye da janareta, zo ka ari UPS ɗina. Kunnawar farko takan yi jinkiri, musamman da ram irin DDR5, allon kallo kan yi minti ɗaya ko fiye yana baƙi. Kada ka zare waya. Murfin gefe kuma bar shi a buɗe har sai ka ga rubutu ya fito, sannan ka aiko ƙanenka ya kira ni in zo in gani.